Mutum Shida a Gaban Sabon Jirgi

Tun da na dawo daga Yauri ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona, kafin ya gama gaisuwa sai ya ce, "Malam Bello, yaya ruwa? An ce ka yi kuka cikin jirgi." To, ban yi kuka cikin jirgi ba, addu'a na yi da ƙarfi, kuma wanda bai taɓa shiga ba ya rufe mana baki. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu da allura a baki, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Kun san ni tela a Sakkwato, amma ba a nan aka yanke mini cibiya ba. A wani tsibiri aka haife ni cikin kogin Kwara, Gungun Marke, ƙasar Yauri. Kakana na wajen uwa fataucin albasa yake zuwa can, har ya aurar da 'yarsa ga ɗan mai masaukinsa, wani masunci mai suna Garba. Ina goye aka datse kogi a Kainji, ruwa ya taso ya cinye garin, aka kwashe mutane aka kai su tudu. A shekarar nan mahaifina ya fita kamun kifi bai dawo ba. Inna ta ɗauko ni ta dawo gidansu, ita ma ina ɗan shekara bakwai Allah ya karɓi abarsa. Kawu ne ya riƙe ni, ya koya mini keken ɗinki. In na tambaye shi kamannin mahaifina sai ya ce sau ɗaya ya gan shi, ranar ɗaurin aure, kuma ranar hankalinsa na kan tuwo.

Bara kawu ya rasu. Muna kwashe kayan ɗakinsa muka ci karo da akwatin kakana, wanda ina jin kawu bai taɓa tona shi har ƙasa ba. Ƙarƙashin littattafai akwai hotuna uku naɗe cikin ƙyalle, baƙi da fari, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ɗaya kasuwar bakin ruwa ce da wata babbar bishiya. Ɗaya mata ne suna ban ruwan albasa da ƙwarya. Na ukun maza shida ne tsaye ba takalmi a gaban sabon jirgin itace. A bayansa kakana ya rubuta da ajami: Gungun Marke, ranar da aka saka jirgi, da surukina Garba a ciki.

A ciki! Allah ya jiƙan tsohon nan, ko ɗan ɗigo bai yi a kan wanda yake nufi ba. Na kusa shekara sittin, na yi jikoki, ban san fuskar ubana ba, ga shi kuma a hannuna yana kallona ban san wanne ne ba. Abin ya hana ni sukuni. Na zaɓi dogon da ke tsakiya, mai faɗin ƙirji, na ce wannan ne. Matata Hajara ta leƙa ta ce, "Kowa anka ba zaɓi dogo zai zaɓa, Malam. Dubi tsawonka ka ji tsoron Allah."

Da na ce zan tafi Yauri in nemi wanda ya san su, sai ta hau haɗa kaya har da nata. Na ce ina za ki? Ta ce, "Kai da ko famfo ya fashe sai ka hau tebur, kai za ni bari ka tahi bakin ruwa kai kaɗai?" Na yi faɗa, ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni riguna nawa za ta saka mini.

Da sassafe muka shiga motar haya. Muka wuce Shagari da Tambuwal, a Jega muka karya da waina, kafin Koko taya ta fashe muka zauna gindin giginya muna kallon direba na zagin taya kamar tana ji. Hotunan suna cikin leda biyu, na rungume su a ƙirji. A wani shinge wani jami'i ya lura da yadda na ƙanƙame ledar, ya ce in sauko in buɗe. Ni ko ban yi laifi ba in na ga kaki sai in ji kamar na yi. Ya karɓi hoton kasuwa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce garin kakarsa ma yana ƙarƙashin ruwan nan, kuma su ko hoto ɗaya ba su da shi. Ya mayar mini da hannu biyu, ya ce Allah ya sa a dace.

Warin bandar kifi da na albasa ne suka fara yi mana maraba a Yelwa, babban garin Yauri. Direbanmu ya ce in tsohon hoto ne, ba mu da wurin zuwa sai shagon Malam Isa mai hoto, ya kuwa sauke mu a ƙofarsa. Malam Isa sa'ana ne, siriri mai tabarau, ya gaji sana'ar wurin mahaifinsa. Bango guda na shagon cike yake da tsofaffin hotunan garuruwan da ruwa ya ci, wasu ubansa ya ɗauka, wasu mutane suka kawo ya sake wankewa. Ƙarƙashin kowanne ya rubuta sunan gari da fensir, wasu kuma ba suna. Ya ce ranar kasuwa tsofaffi kan shigo su tsaya su yi ta kallo, wani ya nuna rumbu ya ce na babansa ne, wani ya ce ƙarya ne na baban wane ne, har a yi musu a fita ba wanda ya ɗauki hoto. Na ce to kai mi kaka samu? Ya ce, "Sunayen. Duk wanda anka faɗa ina rubutawa."

Gungun Marke ba shi da ko ɗaya, don haka da ya ga nawa sai da ya cire tabarau ya goge. Ya ce waɗannan ƙanana ne, idon tsoho ba zai iya da su ba. Ya saka su a na'ura ya fitar da kowanne babba kamar faifai, biyu-biyu, har ana ganin jijiyar hannun mutanen da layun da ke damtsensu. Na zuba wa fuskokin shida ido na rasa mai kama da ni. Dama kowa ya ce Inna na ɗauko.

Malam Isa ya rantse ba za mu kwana masauki ba, gidansa muka sauka. A nan na ga abin mamaki na farko. Mu a gida in an saka kifi a miya, yanki ɗaya ne a gaban maigida, yara na haɗiyar yawu. Can kuwa aka kawo tuwon shinkafa da kwano cike da kifin ragon ruwa har miyar ba ta da wurin tsayawa, matar gidan kuma tana ba mu haƙuri wai ba a samu nama ba. Na ce baiwar Allah, in wannan ne rashi, Allah ya dawwamar da ku cikinsa. Na ci har ƙaya ta maƙale mini, aka yi ta ba ni lomar tuwo ina haɗiya ina hawaye, Hajara na faɗa wa mutane wai ɗan masunci ne.

Washegari Malam Isa ya kai mu bakin ruwa wurin tsofaffin masu gyaran taru. Suka karɓi hotunan suna miƙa wa juna da hannu mai ƙarni, ina tsoron kada su ɓata mini su. Bishiyar kasuwa suka fara ganewa. Ɗaya ya ce marken nan ne aka sa wa garin sunansa, kuma bayan ruwa ya cika an yi shekaru ana ganin kansa tsaye, masu jirgi na ɗaure igiya a reshensa su huta. Amma mutanen hoton ba wanda ya san su. Suka ce ai 'yan Marke kashi biyu aka yi su lokacin tashi, wasu aka kai su sama wajen Shanga, wasu ƙasa wajen Ngaski, kuma kowane ɓangare ya kira sabon garinsa Sabon Marke, kowa na cewa nasa ne na gaske. Na tambaya wanne ake zuwa ba a shiga ruwa. Suka ce na Shanga. Na ce to can dangina suke. Wani tsoho ya bushe da dariya ya ce, "Barewa ta yi gudu, ɗanta ya zo yana rarrafe."

Zuwa Sabon Marke na Shanga mota ce, sannan babur tsakanin gonakin shinkafa, sannan ƙafa. Mai babur ɗin Hajara ya bi ta cikin taɓo ya fita lafiya, nawa ya bi ta gefe don ya kiyaye mini farar riga, muka kwanta tare a cikin kunyar gero. Haka na shiga garin da nake zaton na ubana ne, rabin jikina ja.

Aka kai mu wurin Baba Bulus, wanda aka ce ya fi kowa riƙe labarin tsohon gari. Yana zaune a inuwar wani ɗaki na siminti mai gajeren rufi, irin waɗanda aka gina wa mutane lokacin tashi. Ya ce ɗakunan nan da rana tanda ne, shi ya sa kowa ya gina na ƙasa a gefe, na simintin aka bar wa albasa da awaki. Na miƙa masa hoton kasuwa. Ya ɗora yatsa a gindin bishiyar ya bi ta hagu a hankali, yana cewa nan mahauta, nan masu gishiri, nan hanyar gidanmu, har yatsansa ya fita daga hoton ya ci gaba da tafiya a kan gwiwarsa. Sai ya ɗaga murya ya kira ƙanensa da yarensu, Gunganci, wanda ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma wallahi na ji kunyar hakan. Ƙanen ya fito da carbi a hannu, sunansa Malam Umaru. Uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya, ɗaya coci ɗaya masallaci, akwai kuma babban wansu da aka ce shi har ya mutu bai bar addinin kakanni ba. Da azahar ta yi, Baba Bulus ne ya tashi ya ɗauko mini buta da tabarma, ya gyara mini alƙibla da ya ga na karkace.

Kafin la'asar rabin gari ya taru. Mata suka ƙwace hoton ban ruwan albasa, wata ta gane gwaggonta ta yadda take ɗaura zane, ta yi guɗa sannan ta fashe da kuka. Suka bayyana mini yadda ake yi a da: in kogi ya janye sai a bi shi da shuka, kowace shekara ya bar sabuwar ƙasa, ba taki ba komai. Yanzu tudu ne, sai inji da buhun taki. Ni duk wannan ina ji ne da kunne ɗaya, hoton maza shida nake ta turawa gaban Baba Bulus. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi yaro ne lokacin. Dogon tsakiya dai ya san shi, masassaƙin jirgi ne da aka ɗauko daga Nupe, ko Hausa ba ya ji. Hajara ta dube ni, na dubi sama.

Garba kuwa, Baba Bulus ya san labarinsa. Ya ce ba shi kaɗai ruwa ya ci ba a shekarar nan. Mutanensu kogi suka sani, ba su san tafki ba. Jiragensu ƙanana ne na kogi, sai ga ruwa mai faɗi wanda iska ke tayar wa igiya kamar gini, kuma ba wanda ya taɓa ganin haka balle ya koya wa wani. Ya ce gidansu Garba duk Ngaski aka kai su. Ƙanensa Manu ya rasu ba da daɗewa ba, amma matar Manu, Inna Kulu, tana nan da ranta in ba kwanan nan ta rasu ba, kuma a tsibirin aka kai ta amarya. Ya ce, "Ka yi sauri. Irinsu ba su sallama." Na bar masa hoton kasuwa babba guda. Muna fita na waiwaya na ga ana gardamar ɗakin wa za a rataye shi.

Muka koma Yelwa. Aka ce akwai hanyar mota ta zagaye, amma ruwan sama ya cinye wata kwalbati, sai dai jirgi, kuma gobe akwai mai zuwa kasuwa wajen Wara da zai iya ajiye mu. Ba yadda na iya. Jirgin babba ne mai inji, an loda masa buhunan albasa, babura biyu, saniya ɗaya a ɗaure, da mu. Aka ba ni rigar ruwa na ɗaure ta har tana shaƙe ni. Saniyar nan ta fi ni natsuwa. Muna barin gaɓa na fara karanta duk abin da na haddace, har addu'ar shiga kasuwa. Mata masu tallar soyayyen kifi suna ta hira suna tsallake mutane kamar a tsakar gida.

Mai jirgin ya ji inda muka fito da abin da ya kawo mu. Mun yi nisa, ba a ganin gaɓar yamma sai dishi-dishi, sai na ji ya rage inji. Na ce shi ke nan, ta faru. Ashe ni yake kira. Ya nuna wani dutse a gabas da wani tsauni a bayansa, ya ce in sun hau layi ɗaya to kana kan Gungun Marke, haka ubansa ya koya masa, kuma masu taru na kauce wa wurin don itatuwan ƙasa na yaga musu. Ya ce, "Malam, ga garinku nan." Na daure na leƙa. Ruwa ne kawai, ruwan ƙasa-ƙasa, ba ka ganin ko tafin hannunka a ciki. Ina cikin leƙen iska ta ɗauke mini hula, sabuwa dal, ta ɗora ta kan ruwa tana juyi. Hajara ta ce, "Bar ta, ka kai musu tsaraba." Duk jirgin aka yi dariya, ni ma na yi, amma na yi ta waiwayen wurin har ya ɓace mini.

Sabon Marke na Ngaski a bakin tafki yake, ko'ina taruna a shanye da ƙananan kifi baje a rana. Maƙwabtansu Kambari ne manoma, ga kuma rugar Fulani a bayan gari, da safe sai ka ga ana musayar nono da kifi ba wanda ya ɗaga murya. Muka tambayi gidan Manu aka nuna mana. Ɗansa Ɗantani ya fito, baƙi kakkaura, ya ɗan girme wa ɗana na fari. Da na ce ni ɗan Garba ne sai ya riƙe baki. Ya ce ubansa har ya rasu yana cewa akwai ɗan wansa da aka tafi da shi Sakkwato a goye, ba a san ko yana raye ba. Ya rungume ni yana kirana Yaya. Ni da na tashi ba wa ba ƙane, ban san lokacin da na riƙe shi da ƙarfi haka ba.

Inna Kulu na zaune kan kujera 'yar tsuguno a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale. 'Yar ƙarama ce, ta tsufa tukuf, amma idonta garau. Aka faɗa mata ko ni wane ne. Ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta dama ta juya ta hagu, ta ce, "Uwarka ka ɗauko. Ita ta koya mini dambu." Ta sa aka kawo ruwa, ta tambayi hanya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa kun san ni da gaggawa. Ban bari ta gama ba na zaro babban hoton na ɗora mata a cinya.

Ta dube shi. Sai ta ture kwanon zogale, ta zame daga kan kujerar ta zauna a ƙasa, ta jawo mayafi ta rufe kanta har goshi. Na ɗauka ƙarfi ne ya gaza mata. Ta fara daga dama: wannan Audu Kurma, wannan Jatau mai kokawa da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, ta tsallake ɗaya, wannan Banufen da ya sassaƙa jirgin, wannan ɗan liman, ta tsallake na ƙarshe.

Na ce, "Inna, waɗanga biyu fa?"

Ta ƙara jan mayafi.

Na ce, "Inna, wane na Garba cikinsu?"

Ta kawar da kai gefe ta ce, "Ido ya tahi, ɗana."

Ido ya tafi! Matar da yanzun nan ta gane ɗan liman da rabin fuskarsa a inuwa! Na sake tambaya har sau uku, ina ɗaga murya kamar kurma nake wa magana, ita kuwa sai ƙara sunkuyar da kai take yi. Raina ya ɓaci. Na tashi na fita bayan gida na tsaya ina kallon ruwan da na ƙetaro a banza. Na yi taɓo, na yi ƙaya, na yi asarar hula, ga ni a bakin abin, tsohuwa ta ce ba ta gani.

Hajara ta biyo ni. Ta ce, "Malam, shekara talatin da ɗoriya muna tare, ka taɓa jin na kira sunanka?"

Na ce wannan kuma mi ya kawo shi?

Ta ce, "Kai dai gaggawa ta hana ka gani. Ba ka ga ta sauka daga kujera ba? Ba ka ga ta rufe kai ba? Surukinta ka ɗora mata a cinya, wan mijinta, sannan ka tsaya kanta kana kiran sunanai da ƙarfi kana cewa ta nuna shi da yatsa. Biyun da ta tsallake, ɗaya mijinta na, ɗaya babanka. Ta riga ta faɗa maka, kai na ba ka ji ba."

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na san al'adar nan sarai, a cikinta na tashi. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa tsohuwa mai tattaɓa kunne za ta ji nauyin takarda ba, ta durƙusa wa mutumin da ya bar duniya kusan shekara sittin.

Muka koma. Na tsuguna nesa kaɗan na ce, "Inna, ki gafarce ni, ƙuruciya ta." Ta ce, "Ƙuruciya da furfura." Aka yi dariya, na samu na numfasa. Hajara ta kira Ɗantani ta ce ya duba biyun nan. Ya duƙa ya daɗe, don shi da gemu fari ya san ubansa. Can ya nuna na uku daga dama ya ce wannan Baba ne, ga tabon gira nan. Saura na ƙarshe ke nan, wanda ke can gefe, gajere, rabin kafaɗarsa ta kusa fita daga hoton, wanda ban taɓa yi wa kallo biyu ba.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce wa Hajara a hankali, in wani surukin ne daban fa? Ta ce in yi shiru. Ta matsa ta zauna a ƙasa kusa da tsohuwar, kafaɗa da kafaɗa, ta ce, "Inna, babban gida, wanda ya auri 'yar Sakkwato, da mi kinka gane shi?"

Inna Kulu ba ta ɗago ba. Ta miƙa hannu, ba wajen fuskokin ba, can ƙasan hoton inda ƙafafu suke jere a kan yashi, ta tsayar da yatsa kusa da na ƙarshe ba ta taɓa ba. Ta ce, "Ƙafar hagu. Gizago ya cire mashi ƙaramin yatsa." Muka duƙa mu uku. Yatsu huɗu ne.

Ta ce, "Shi ya tuƙo jirgin da anka ɗauko ni amarya. Shekara biyu ina kai mashi ruwan wanka, ina aje mashi tuwo. In ya shigo gida ƙasa nika dubi. Ni ƙafafunai na sani, da muryatai. Ban taɓa duban fuskatai ba."

Na jawo hoton gabana. Yaro ne. Wallahi yaro ne, ɗana Nura ya girme shi nesa ba kusa ba. Na zo neman uba, na tarar da saurayi ɗan gajere da wandonsa a naɗe, ya ɗora hannu a bakin jirgi kamar shi ya sassaƙa shi. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba, kuma wannan shi ne kukan da kuka ji labari, a ƙasa aka yi shi ba cikin jirgi ba.

Na ce, "Inna, ga shi babba, ki dube shi ko sau ɗaya. Ba wanda zai ga laifinki."

Ta girgiza kai. Ta ce, "A'a. Kai ka zo daga nesa, kai ka duba." Sannan, fuskarta na kallon bango, ta ce a hankali, "Yaya yake?"

Na share ido na matso da hoton. Na ce mata yana da faɗin goshi, da ɗan gemu da bai gama fitowa ba, da wushirya. Na ce duk sauran sun ɗaure fuska saboda mai hoto, shi kaɗai ne bakinsa a buɗe, dariya yake yi.

Ta gyaɗa kai a cikin mayafi. Ta ce, "Shi na. Kullum ina jin ta daga ɗaki."